Kawu Ya Ƙi Shiga Motar Kamfani

Daren Laraba, Talata Mafara

Ina ofis ina yanka zanen gadar magudana ƙanana-ƙanana, don injin lissafi ya fitar da nauyin da kowane yanki zai ɗauka, sai na ji ihu, na fito. Manoman da dam ya cinye wa gonaki sun tare hanya, masu gadin kamfaninmu mai gina dam ɗin suka auka musu da kulake. A gabana aka fasa kan Kawu Sani, jini har gemu.

Na kawo mota in kai shi asibiti. Ya dubi tambarin kamfani da ke ƙofar, ya ce, "Ɗana, ba ni shiga motakku."

Na bar ta, na bi shi da ƙafa. Da jiri ya ɗebe shi, kafaɗata ya dafa.