Ku Ba Ni Lambar da Ta Kulle Sikanata

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya sayar mini da injin ofis a Kaduna,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don ba tozarta ku nake nufi ba. Na kira layinku har na gaji, shi ya sa na fito fili, ko Allah zai sa wani ya nuna maka.

Sunana Isuhu. Ina da ɗan shagon buga takardu a Birnin Gwari. Bara bayan girbi na sayi injinku mai aiki huɗu: firinta, fotokwafi, sikana da faks. Injiniyanku ya biyo ayarin motoci ya zo ya haɗa mini shi, hankalinsa duk yana kan hanya. Ko tuwon da aka kawo masa bai taɓa ba, don kada ayarin komawa ya bar shi. Wallahi ban ga laifinsa ba. Amma ga abin da ya bari.

Na ɗaya. Ya saita sikanar ta riƙa tura takarda kai tsaye zuwa imel ta intanet. Ramin filashi da na kebul ɗin kwamfuta kuwa ya kulle su da lambar sirri, ya ce tsarin kamfani ne don kare injin, ya tafi da lambar a kansa. A Kaduna wannan dabara ce mai kyau. Mu a nan sabis zuwa yake ya ɗauke, kuma tun farkon damina bai leƙo shagona ba. Yadda muke aiki shi ne a zuba takarda a filashi, a mayar da ita waya, a hau babur zuwa kan tudun da mutane ke taruwa suna ɗaga wayoyi sama, a tura. Kowane mai shago a garin nan haka yake yi. Ni kaɗai aka toshe wa wannan hanya.

Na biyu. Daga kan tudun nan nake kiran ma'aikatanka. Na farko ya ce in duba adireshin IP. Na bincika na gane lamba ce da ake sanin inji da ita a netwok, kamar lambar gida a unguwa, na karanta masa, ya ce daidai take. Na biyu ya ce in kashe rawuta, wato ɗan akwatin da ke raba intanet, in kunna. Na yi har maɓallinta ya fara laushi. Wata baiwar Allah ta ce in sauke sabon direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da injin. Daga ina zan sauke? Daga intanet ɗin da babu. Na ƙarshe ya ce ai sai in yi amfani da faks. Ranka ya daɗe, faks layin wayar tebur yake so, ni kuwa tun da na yi wayo ban ga mai aiki a garin nan ba. Kalmomin nan duk na haddace su, amma babu wanda ya tsaya ya tambaye ni ko muna da sabis.

Na uku, kuma shi ne abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyata, Inna, tana fama da ciwon zuciya. Likitanta a Kaduna ya tausaya mana ya ce ba sai an riƙa kawo ta ba, a yi mata gwajin zuciya a nan a tura masa takardar, ya duba ya gyara magani. An yi gwajin. Na ɗauki hoton takardar da waya na tura, ya ce siraran layukan ba su fita ba, ba zai taɓa maganin tsohuwa a kan hoto mai hazo ba, sikanin yake so. Sauran shagunan ba su da sikana, ɗaya da na sani a kusa, ta wani maƙwabcina, ta ƙone tuni. Ita kuma takardar irin mai santsin nan ce da rubutunta ke dusashewa. Na sa ta cikin littafi na ɓoye daga rana, duk da haka kullum na buɗe sai in ga kamar rubutun ya ƙara dusashewa. Ƙafafun Inna sun kumbura, yanzu a zaune take barci. Ina jin tsoro ƙwarai.

Na huɗu. Amsar ƙarshe da na samu ita ce ba a ba da lambar ta waya, sai dai in kawo injin Kaduna. Kun san hanyar nan da dajin da ta ratsa. Mu uku Inna ta haifa. Yayanmu Sale ya bi hanyar da buhunan masara, har yau ba mu sake ganinsa ba.

Don haka ina roƙon abu uku. Ku ba ni lambar ta waya, ku tambaye ni duk shaidar da kuke so cewa injin nawa ne. Ku daina kulle injin da zai tafi garin da sabis ba ya zama. Ku kuma koya wa masu amsa kira su fara jin halin da mutum yake ciki kafin su jero masa kalmomi.

Ƙanena Bala ya riga ya yi magana da direban motar ranar kasuwa, zai kai wa likita takardar da hannunsa. Na hana shi, ya ƙi. Inna ba ta sani ba. Kullum da safe tana tambayata ko likita ya amsa, in ce mata saura kaɗan.

Allah ya ƙara wa kasuwancinku albarka, ya tsare ka da iyalinka a kowace hanya kuka bi. Zan riƙa hawa tudu safe da yamma da wayata a hannu. Don Allah ku kira kafin motar nan ta tashi, mu biyu muka rage wa Inna.

Wassalam.

Isuhu,
Birnin Gwari.