Gizo-gizon Bayan Randa

Zuwa ga ɗiyata Sadiƙa, a Gangara.

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki, ya jikana Talha? Ki yi haƙuri da rubutuna, na yaƙi da jahilci ne.

Saƙonki ya tayar mini da hankali. Kin ce kin ga ƙaton gizo-gizo bayan randa, kusa da shimfiɗar yaro, kina tsoron tautau ne. Ki duba shi da kyau. In ruwan ƙasa ne, da farin zane a kowane gefe, kuma bai yi saƙa ba, to na fadama ne, mai gudu bisa ruwa. Damina ta koro shi, ba ruwansa da mutum. Kada ki kashe shi, danginsa suka rufa wa Manzon Allah asiri a kogo. Ki kife shi da ƙwarya, ki kai fadama.

Na san su sarai, ɗakina nan Ikko bakin ruwa yake, kullum muna tare. Lafiya lau nike, ƙafata ce kawai ba ta son sanyi.

Duk da haka, ɗiyata, ki riƙa kakkaɓe zanen goyo. Talha kuma ya kwana a jikinki, har in zo da kaka in gani da idona.

Innarki, Saudatu.