Mai Karɓar Haddar Murja

Gagarawa

Zuwa ga ƙanwata Murja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Gwaggo Safiya da mutanen Gumel duka.

Na ga sakamakonki. Ba zan yi miki faɗa ba, takardar ta riga ni. Makarantar ungozoma ta ce saura miki dama ɗaya, bayan ƙaramar Salla. In kika sake faɗuwa, sai ki naɗe fararen kayanki ki koma Ɗanzomo, a riƙa kiranki likita don zolaya.

Saboda haka ga tsari. Wayarki tana hannuna, ta yi aiki ya isa. Gwaggo ta ba ki ɗakin ƙurya, na kuma roƙe ta ta hana kowa shiga, har da ita kanta, wanda shi ne mai wuyar. Karatu bayan asuba da bayan la'asar, kullum, da ido, baki a rufe. Haka na yi a jami'a, ga ni kuwa ina koyar da 'ya'yan mutane a garin da ba mai sallama a ƙofata. Kin ga ashe tsarin yana aiki.

In da magana, ki rubuto ki ba Malam Manu direba ranar kasuwar Maigatari.

Yayarki,
Safara'u

Gumel

Adda Safara'u,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki da ladabi, ya aiki, ya ɗalibai?

Adda, Gwaggo ta riƙe amanarki fiye da kima. A bakin ƙofa take ajiye mini tuwo, ta yi gyaran murya ta wuce. Jiya na tsinci kaina ina yi wa ƙadangare sannu.

Ina zama kamar yadda kika ce, ban taɓa fashi ba. Ina kallon shafi, shafi yana kallona, in na rufe littafin sai ya tafi da abinsa. An yi mana gwaji makon jiya, ba sai na faɗa miki ba. Abin da ke ba ni mamaki, surorin da na ba Baffa hadda a zaure tun ina 'yar ƙarama suna nan daram a kaina, amma abin da na karanta da safe, kafin azahar babu shi.

Na ji an ce tun da idon Baffa ya tafi iyayen yara suka kwashe 'ya'yansu zuwa wajen wani malamin, shi kaɗai yake wuni a zaure. Kin leƙa shi kuwa?

Ki huta lafiya.
Ƙanwarki, Murja

Gagarawa

Murja,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki gaishe mini da ƙadangaren.

Kaɗaici ba ya kisa, da tuni an yi sadakar bakwai ɗina. Ki daure. Littattafan digirina na biyu ma suna cikin akwati tun da na jingine karatun, ban taɓa jin sun yi ƙorafi ba.

Ban je Ɗanzomo ba. Ni da Baffa da mun gama gaisuwa magana take ƙare mana, sai mu zauna kowa yana sauraron kaji. Kada ki ce za ki je, hanya cin lokaci ce.

Safara'u

Ɗanzomo

Adda,

Assalamu alaikum. Ki gafarce ni da jinkirin amsa, ki kuma gafarce ni da sunan garin da kika gani a sama.

Na karya tsarinki. Wata Asabar na kasa jurewa, na hau mota na zo. Na samu Baffa a zaure a kan buzunsa, allunan yara jingine da bango ba mai taɓa su. Ya tambaye ni karatu, na ce ga shi nan dai. Ya ce in biya masa. Na yi dariya na ce da Turanci ne fa, Baffa.

Ya ce, "Ni ba ma'ana zan saurara ba, gargada zan saurara. Rufe littafin."

Na fara. Ban kai ko'ina ba ya ce, "Koma." Duk inda muryata ta yi rawa sai ya kama, har inda na yi sauri don in ɓoye rashin sani. Ya ce a zaurensa ba a wanke allo sai an biya abin da ke kai, don haka ba ni ba sabon babi sai na kawo wannan ba tangarɗa.

Yanzu a Gumel kaɗan nake ɗauka kullum, in yi ta maimaitawa da ƙarfi, saboda na san Asabar akwai mai jirana. Gwaggo ta ce gara haka, da ta zaci aljanu ne suka riƙe mini baki.

Makon jiya ya tambaye ni wannan babin a kan me yake. Na ce zubar jini ne bayan haihuwa. Kin san abin da ya ɗauke Innarmu. Sai ya ce in sake biya shi. Ban yi gargada ba, amma sai da ya sa na sake.

Taki,
Murja

Gagarawa

Murja,

Ina gaishe ki, da Baffa in kin je.

Malam Manu yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai, ba ya bari in tambaya. Na ɗauka shirun naki karatu ne, don haka ban yi fushi ba, ko da yake ba wanda zai gani in na yi.

Ga wayarki nan na ba shi. Na lura ba ita ce mai laifin ba. Salla ta wuce, jarrabawa ta wuce. Ko layi ɗaya ne ki rubuto.

Safara'u

Maigatari

Adda,

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na ci. An turo ni asibiti a nan, kuma da yake ni ce sabuwa, aikin Asabar nawa ne.

Da na faɗa wa Baffa ya yi hamdala, ya sa mini albarka. Amma maƙwabta sun ce har yanzu duk Asabar sai ya sa a shimfiɗa tabarmar da nake zama, ta wuni a nan, a naɗe da magariba. Ranar da na yi masa sallama ya tambaye ni, "Ita Safara'u ba ta da wani karatu ne?"

Ga tambayar nan na miƙo miki.

Murja

Gagarawa

Murja,

Barka, likita. Wannan karon ba zolaya.

Na buɗe akwatin. Ki aika masa cewa ina da karatu, kada a naɗe tabarmar. Ki dai gargaɗe shi, gargada ce zalla, za mu daɗe a shafin farko.

Yayarki,
Safara'u