Askin da Na Yi wa Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya maigidan naki da yara? Ya ƙafar taki, kumburin ya sauka?

Kin ji an ɗaga aikin dashen ƙodar Baba, amma ba ki ji dalili ba. A waya na kasa faɗa miki, shi ya sa na rubuto.

Ranar da gwaji ya nuna ƙodata ce ta dace da shi, likita ta zaunar da mu. Ta ce garkuwar jiki ma tsufa take yi. Ta Baba ta riga ta yi rauni, kuma maganin da za a ba shi bayan dashe zai ƙara kwantar da ita, don haka ko ƙurji ba a son ya fito masa kafin aikin. Ta nuna robar wankin ƙoda da ke wuyansa, ta ce kada reza ta kusanci wurin. Da kunnena na ji, Yaya, har da gyaɗa kai.

To kin san Babanki da son gayu. Ya rantse ba za a tura shi ɗakin tiyata da gemu buzu-buzu ba, alhali ɗansa mai aski ne. Na ɗauko injin aski, ya ce wannan na yara ne, shi da reza ya saba. Ni kuma ga ji da kai, wai hannuna bai taɓa yankan kowa a shago ba, sai na ɗauko rezar. Ina cikin gyaran ƙasan haɓa ya yi tari, rezar ta yanke shi. Ɗan yanka ne, wallahi bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na goge, na shafa hoda, har dariya muka yi.

Wurin ya yi ja, ya ɗan tasa. Kullum in taɓa goshinsa in ji sanyi ƙalau, in ce alhamdulillahi. Ashe tsoho cuta takan shiga har jininsa ba tare da zazzaɓi ba. Sai da ya fara kirana da sunan marigayi ƙaninsa muka garzaya asibiti.

Yanzu hankalinsa ya dawo, ana ba shi magani ta jijiya. In jinin ya wanke, za a sake duba maganar aikin. In kuwa cutar ta taɓa zuciya, likita ta ce dashe ya wuce shi, sai wankin ƙoda har ƙarshen rayuwa. Ga ƙodar tana nan a jikina, ba abin da ta tsinana masa.

Da likita ta tambayi wanda ya yi askin, kafin in buɗe baki Baba ya ce shi ya yi da kansa. Baba, da ko kofin ruwa sai an riƙe masa! Ta kalli hannunsa, ta kalle ni. Na sunkuyar da kai ban ce uffan ba, kuma kunyar shirun nan ta fi ta yankan ci min rai.

Gemun ya sake tsirowa, fari fat. Jiya ya shafa shi ya ce in an sallame shi ni zan gyara masa, bai yarda da hannun kowa ba.

Don Allah ki zo, Yaya. Ki zo ki yi min faɗan da shi ya ƙi yi min.

Ki gaida kowa da kowa. Ki sa Baba a addu'a.

Ƙaninki,
Auta