Yauƙin Miyar Guro

Zuwa ga kakata Hajo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa daga jikanki, angonki na ƙwarai, ba wancan tsohon mijin naki da kika bar mini ba.

Ƙararsa na kawo miki. Bayan rasuwarki muka ɗauko shi daga Argungu zuwa gidana a Gwadangaji, nan Birnin Kebbi, sai ya ƙi abinci. Kin san tuwo ba ya wuce masa sai da miyar guro, wato kuɓewa, mai yauƙi. Matata Zainabu ta dafa, ta sake dafawa, miya na fitowa tsararo. Ya ɗanɗana ya ture kwano, wai "Wagga ba miyar Hajo ta ba." Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Wallahi na tsorata.

Ran nan ina koyar da ɗalibaina kimiyyar sinadarai, sai na tuno ki a bakin murhu kina buge mini hannu: "Gishiri baƙo na, sai an sauke tukunya shi ka shiga."

Bari in yi miki fafa, in ɗan taƙama da bokona. Yauƙin nan dogayen zaruruwa ne da ido ba ya gani, kowanne ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya daga kai har wutsiya. Caji iri ɗaya ba sa ga maciji, sai su yi ta ture juna, zare ya miƙe, miya ta yi yauƙi. Gishiri kuwa in ya narke, yana sakin 'yan ƙwayoyi masu akasin wannan caji. Su yanyame zaren, su raba faɗan, ya naɗe kamar tabarma. Ruwan burtsatsenmu kuma da gishirinsa yake fitowa, sabulu ma da ƙyar yake kumfa. Ashe Zainabu ba ta da laifi.

Na hau mota sai Argungu, na cika jarka a rijiyarki. Direba har da tambayata ko ruwa ya ƙare a Birnin Kebbi.

Zainabu ta dafa da shi, gishiri a ƙarshe. Tsohonki ya kai loma, ya sake kaiwa. Sai da ya suɗe kwano tas ya ɗago da hawaye yana dariya: "Wa ya tahi gidana bai hwaɗa min ba?"

Yanzu duk mako ina hanya da jarka. Kin tafi, amma har yau ke ke aike na, kuma ina so.

Allah ya jiƙanki, ya shayar da ke ruwan Alkausara.

Angonki,
Bello