Duwatsun Gonar Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna da yara. Na iso makarantar koyon noma lafiya. Yaya, ashe wahalar banza muke sha a kan tsaunin nan! Malaminmu ya ce irin jerin duwatsun da marigayi Baba ya yi a gona don tare ƙasa duk a karkace suke, shi ya sa ruwa ke tafiya da taki. Akwai wani ma'auni na sanduna uku da igiya da ake daidaita layi da shi. Ku kwashe duwatsun ku tara a gefe. Kafin ruwan fari zan dawo mu sake jera su yadda ya kamata. Bana sai rumbu ya yi mana kaɗan. A gaida kowa.

Ƙanenka, Auta.

Auta,

Bayan gaisuwa, mun ga takardarka. Inna ta ce kada a taɓa abin da Baba ya jera, na ce mata wanda ya je makaranta ya fi mu gani. Mun kwashe, har yau bayana bai miƙe ba. Da maƙwabta suka gani, maƙeri da su Dogo su ma suka kwashe nasu, tunda kai gari ya zaɓa ya tura. Yanzu gangaren nan kaf tsirara yake. Hadari ya fara haɗuwa. Ka taho, don Allah.

Yayanka.

Yayana na kaina,

Ina gaisuwa da ban haƙuri. An ƙara mana wa'adin karatu, kuma duk wanda ya tafi yanzu ba shi da takardar shaida. Malam ma ya ɗauke ni ina taya shi kula da wurin renon tsirrai, ya ce wataƙila a riƙe ni aiki. Ka ga ai ci gabanmu ne duka. Na zana maka ma'aunin a bayan takardar nan, abu ne mai sauƙi. Ka gaida Inna.

Naka, Auta.

Auta,

Muna lafiya, in lafiya ce wannan. Zanenka mun juya shi sama, mun juya shi ƙasa, maƙeri ya ɗaure sandunan, igiya tana ta lilo ba ta gaya mana komai ba. Sai muka ce a mayar da duwatsun inda suke, amma babu wanda ya tuna. Muna cikin gardama ruwa ya sauko, kamar da bakin ƙwarya. Ya tafi da irin da muka shuka, ya tafi da ƙasar. Inda Baba yake shuka yanzu fako ne, fartanya tana ƙara in ta sauka. Dogo ya daina amsa sallamata. Inna kallona kawai take yi, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Zuciyata ta mutu, Auta.

Yayanka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Na kasa cin abinci. In ka ce in zo, gobe zan kamo hanya, takardar shaidar ta sha ruwa.

Auta.

Auta,

Ka zauna ka riƙe aikin, ko bakin mai ci ɗaya ya ragu a gidan nan. In kana son ganin gonar, ka leƙa kogin da ke ƙasan tsauni. Jan ruwan nan da ke wucewa, ita ce. Allah ya sa ka gama lafiya.

Yayanka.