Farar Leda a Kan Katako

Litinin, 3 ga Maris
Kamfanin maganin asma sun ba ni aikin rumfarsu ta baje kolin kayan asibiti. Na faɗa wa Manajarsu sharaɗina: tsohon katako da noti kawai, ba gam ba roba, a kwance a sake ɗaurawa baɗi. Ta ce, "Madalla, Malam, irin wannan muke nema." Ban gaya mata dalili ba. Duk rumfunan da muke yi, da an tashi daga baje koli sai a kwashe su zuwa jujin bayan gidanmu a cinna musu wuta. Hayaƙin kuma a ƙirjin 'yata Auta mai asma yake sauka.

Alhamis, 6 ga Maris
Gugar katako tun safe, hannuna duk sartse. Auta ta leƙo shago, ta ce ƙamshin wannan ba ya sa ta tari. Saura kaɗan in yi hawaye, ni da gemuna.

Talata, 11 ga Maris
Manaja ta zo duba aiki. Ta sa yatsa a ramin wata tsohuwar ƙusa, ta daɗe ba ta cire ba. "Malam, likitoci ne fa za su zo. Wa zai yarda da magani a rumfa mai tabo? Sai dai fari fat." Wai a manna farar leda. Na ce in gam ɗin nan ya kama katako ba ya ɓaruwa, ƙarshensa wuta. Ta ce, "Ai katakonka na nan a ƙarƙashi." Abin haushin, ba muguwa ba ce.

Laraba, 12 ga Maris
Maman Auta ta ce, "In ka ƙi wani zai manna. Mu kuma taurin kanka za mu dafa?" Na manna. Da hannuna.

Asabar, 15 ga Maris
Sun rataya allo: rumfa mai kare muhalli. Mutane sai ɗaukar hoto suke. Na koma gefe, kunya ta ishe ni.

Litinin, 17 ga Maris
An tashi daga baje koli. Na gwada ɓare ledar kafin a loda. Tana tahowa da fatar katakon. Direban motar shara ya dame ni da hon. Na bar masa rumfar.

Talata, 18 ga Maris
Hayaƙi tun hantsi. Wallahi na gane nawa a ciki, ƙamshin itace cakuɗe da ƙaurin leda. Auta na zaune ta dafa gwiwa, ƙirjinta na ƙara kamar fito. Maganin shaƙar da ke hannunta na kamfanin ne. Ta ce, "Baba, ai naka ba a ƙona shi, ko?" Na ce ta daina surutu ta shaƙa.

Juma'a, 21 ga Maris
Masu na'urar gwajin jini sun kira. Fari fat suke so. Ban ma ɗauko zancen katako ba. Na sayo leda, na biya ta kemis na ƙaro maganin shaƙa. Ragowar ledar na liƙe tagar ɗakin Auta da ita. Ledar ta kwanta sumul, ko kumburin iska babu. Hannuna ya faɗa da aikin.